Tambayi Likita: Ina sojojin jikin Inna suke har kansa ta cika mata ciki?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita, ya aiki ya zafi. Ni daga Garwa nake rubuto miki, dan Allah a sakaya sunana. Innarmu ce ba lafiya, shekarunta 57, tun bayan ƙaramar sallah take cewa cikinta na kumbura, taci loma biyu tace ta ƙoshi, mu duk mun ɗauka olsa ce ko iska, har ƙannen babanmu na tsokanarta wai ko auta za'a mana, aka sha kanwa aka sha jiƙe-jiƙe ba sauƙi, sai da zane ya daina zagaye ta sannan muka kaita akayi ekografi, wato hoton ciki, akace ruwa ne a ciki da ƙari a gidan ƙwai, aka zuƙe ruwan kusan lita 4 bayan sati biyu ya dawo, ƙarshe dai sakamako ya fito wai kansa ce kuma ta bazu a cikin ciki, sunce shimiyo, wato maganin kansa na ƙarin ruwa, za'a fara sannan ayi aiki. Toh abinda ya ɗaure min kai, a takardar gwajin jini naga fararen ƙwayoyin jininta ma sun haura yadda ake so, ni kuma a makaranta ance mana sune sojojin jiki, in suna da yawa haka me suke jira basu kashe cutar ba? Sannan akwai wata maƙociyarmu dake saida maganin ƙara garkuwa, kwalba ɗaya jaka 25, tace mu bar shimiyo dan shi kashe garkuwa yake, mu bata wata 3 mu gani. Yayanmu ya fara karkata wajenta. Wallahi na rasa yadda zanyi.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah Ya ba Inna lafiya Ya sa kaffara ne. Bari na fara da abinda ba ya jira: kar ku bada wata ukun nan. Yanzu sai na faɗa miki dalili, kuma zan ɗan ja maganar dan tambayarki ta sojoji ita ce ainihin wurin da mutane da yawa ke ruɗewa.

Abinda aka koya miki a makaranta gaskiya ne amma rabi aka baki. Fararen ƙwayoyin jini ba ƙabila ɗaya bane, ki ɗauke su kamar fadar Lamiɗo, akwai dogarai masu kama mai laifi, akwai 'yan kai rahoto, akwai masu shara da gyaran katanga, akwai kuma dattawa masu cewa a mayar da wuƙa kube. Dogaran sune ƙwayoyin T masu kisa, wanda a asibiti ake ce musu CD8, da wasu da ake kira NK. 'Yan rahoton su ke ɗauko alamar baƙo su kai wa dogarai suce ga kamanninsa. Masu sharar sunansu makrofaj, ma'anar sunan ma babban maci ne, suna haɗiye matattun ƙwayoyi da datti kuma in kin ji ciwo su ke tsayawa har fata ta haɗe. Dattawan kuma wasu ƙwayoyin T ne na daban da ake kira Tireg, aikinsu hana dogarai wuce gona da iri kar su afka wa jikin da suke gadi. Ba ƙaramin aiki bane wannan, wanda ya gano su a 1995, wani Bajapane Shimon Sakaguchi, yana cikin mutum 3 da aka ba kyautar Nobel ta likitanci a 2025.

Toh matsalar kansa ita ce ba baƙuwa bace. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro daga waje ta shigo, dogari na ganinta yasan ba 'yar gida bace. Kansa kuwa ƙwayar jikin Inna ce da ta lalace ta ƙi daina haihuwa, tana jin yaren gidan, ta san wanda ake kira in ana son a kashe rigima. Da ɗan gari akan ci gari ai.

Galibin irin wannan kansar mai tsanani ma ba a gidan ƙwan take farawa ba, daga bakin bututun da ƙwai ke bi zuwa mahaifa take tasowa, kuma bata buƙatar shiga jini kafin ta yi tafiya, ɓarɓashinta kawai ke zubowa cikin ɗan ruwan dake tsakanin kayan ciki ya ɗauke shi ya zaga. In kin taɓa tsayawa wajen fiɗar ragon layya kin ga wani kitse mai kamar raga da ya lulluɓe tumbi da hanji, wanda mahauta ke naɗe hanta da shi in za'a gasa. Mu ma muna da shi, omentum ake ce masa, kuma nan ne masaukinta na farko. Abin mamakin, a jikin kitsen nan akwai wasu ɗigo-ɗigo farare kamar an yayyafa nono, waɗanda sansanin sojojin jiki ne, makrofaj ne cike a ciki, aikinsu tace ruwan ciki su kama duk wani datti. Wato ƙwayar kansa kai tsaye barikin take nufa ta shimfiɗa tabarma. A 2011 masu bincike a Chicago ta Amurka sun nuna cewa ƙwayoyin kitsen wurin har mai suke miƙa mata ta ƙona ta girma.

Yanzu me yasa makrofaj basa cinye ta? Wani lokacin suna ci. Amma ki tuna sana'arsu biyu ce, faɗa da gyara, ita kuma kansa tana sakin wasu sinadarai da ke ce musu nan rauni ne ku zo ku gyara. Su kuma in sunji rauni abinda suka iya shi ne su jawo sabbin hanyoyin jini zuwa wurin, su sassauta nama dan sabo ya samu wurin tsiro, su kuma ce wa dogarai ku dakata ana aiki. Duk abinda ƙari ke so kenan. Tun 1986 wani likita Harold Dvorak ya kira ƙari da sunan raunin da baya warkewa, ni dai har yau ban samu kwatancen da ya fi wannan ba. A cikin ruwan nan da ake zuƙe wa Inna, in aka duba da madubin likita, ƙwayoyin kansa na yawo ne a dunƙule kamar curin fura, kuma gwaji a jikin ɓeraye ya nuna sau da yawa makrofaj ne a tsakiyar curin suna riƙe da shi suna ciyar da shi har ya samu inda zai manne. Shi ma ruwan cikin yana da alaƙa da wannan, akwai sinadarin VEGF da kansar da makrofaj ɗin ke fitarwa dan a yi sabbin jijiyoyin jini, jijiyoyin sai su zama masu yoyo kamar tsohuwar randa, ga kuma magudanan da ya kamata su janye ruwan ƙari ya toshe su, shi yasa kika ga an zuƙe ya dawo. Zuƙa sauƙi take kawowa ta samu numfashi ta ci abinci, amma ba ta taɓa tushen.

Sai dattawan. A 2004 wani bincike da aka yi kan mata 104 masu wannan cutar ya nuna kansar da makrofaj ɗin da ta saye suna fitar da wani sinadari, CCL22, da ke kiran Tireg su taru a cikin ƙarin da cikin ruwan, kuma matan da nasu ƙarin ya fi tara su sun fi saurin rasuwa. Kinga dattijo bai yi laifi ba a ganinsa, an kira shi ne akace ana zaluntar ɗan gida, ya zo ya tsaya tsakani.

Kar kuma kice dogaran duk barci suke. Binciken da ya fi shahara a wannan fannin an buga shi a 2003, daga jami'ar Pennsylvania, aka duba ƙari 186 na matan da cutarsu tayi nisa, aka samu ƙwayoyin T sun kutsa cikin ƙarin a 102. Waɗanda dogarai suka shiga nasu, kashi 38 cikin ɗari suna raye bayan shekara 5, waɗanda basu shiga ba kashi 4.5 ne kawai. Ki dubi wannan tazarar. Wato jiki na faɗa, kuma faɗan na da tasiri sosai, sai dai maganar ba yawan sojojin dake yawo a jini bace, maganar ita ce wane iri ne, sun samu shiga cikin ƙarin ko an tare su a bakin ƙofa, in sun shiga kuma da ƙarfinsu ko sun galabaita. Dan suna galabaita, dogarin da ya shekara yana faɗa ba hutu akwai wani abu kamar birki a jikinsa mai suna PD-1, kansa ta iya taka masa shi.

Anan ne takardar da kika gani ta yaudare ki. Wancan adadin na fararen ƙwayoyin jini duka fadar ya haɗa ya ƙirga, kuma a jikin mai kansa yawanci waɗanda ke haurawa sune nitrofil, 'yan gaba-dai masu zuwa farko in an samu ƙwayar cuta, su kuma a wannan ciwon yawansu ba lallai albishir bane, wani sa'in kumburi ne yasa, wani sa'in wata cutar ce ta shiga, wani sa'in ma kansar ce ke tura ɓargo ya ƙero mata irin waɗanda ke danne dogarai. Ki nuna wa likitanta ya duba miki layi-layi.

Toh yanzu mu dawo kan kwalbar jaka 25. Ko da ace da gaske tana ƙara garkuwa, ki tambayi maƙociyar taku wacce garkuwar, ta dogarai ko ta dattawan da aka riga aka saye? In fada ta ci hanci, ƙaro ma'aikata ba shi ne gyara ba. Ni banda faɗa da zogale ko habbatus sauda ko ganyen korosol da ake ta yaɗawa a WhatsApp, zogale a miya ko kwaɗo abinci ne mai kyau Inna taci, amma babu ɗaya daga cikinsu da aka gwada a jikin mata masu wannan cutar aka ga ya tsayar da ita, wasu haɗe-haɗen kuma hanta da ƙoda suke wahalarwa, alhali ƙodar nan da ita ake auna yawan maganin da za'a sa mata. Abinda ke ɓata min rai da masu wannan sana'ar, ba su ne ke zaune gefen gado ba in wata ukun ya cika.

Maganar da tayi cewa shimiyo na rage garkuwa, eh akwai gaskiya a ciki, ba zan ɓoye miki ba. Magungunan da aka saba badawa biyu ne, karboplatin da paklitaksel, a ƙarin ruwa duk bayan sati 3, yawanci sau 6, in cutar ta bazu akan yi 3 ayi aiki sannan a ƙarasa sauran. Bayan kowane zagaye fararen ƙwayoyi na sauka, sun fi yin ƙasa wajen sati na biyu, sannan ɓargo ya mayar, shi yasa ake gwajin jini kafin kowane zagaye. Gashi zai zube, zai kuma dawo. Amma abinda ba'a faɗa muku ba, wannan kansar na cikin masu jin shimiyo a karon farko, mafi yawan mata ƙarin na ja baya ruwan ya ragu, kuma an duba ƙarin mata kafin shimiyo da bayansa aka ga a wajen da dama dogaran T sun ƙaru a ciki, dan in ƙwayoyin kansa suka fashe asirinsu tonuwa yake 'yan rahoto su samu abin ɗauka. Aikin kuma, da ake cire mahaifa da gidan ƙwai da wancan kitsen mai kamar raga, barikin da aka saye ake rushewa, kuma gwargwadon yadda aka kwashe ƙarin tas gwargwadon yadda ake sa ran kwana.

Abu ɗaya da nake roƙonku, in ta fara shimiyo ku sayi ma'aunin zafin jiki ku ajiye. Ranar da ya kai 38 ko ta kama rawar ɗari, ko tsakar dare ne a tafi asibiti a ce musu tana kan shimiyo. Mu nan kowane zazzaɓi sai muce na sauro ne a aiki yaro kanti, toh ga wadda sojojinta ke ƙasa wannan gangancin na iya cin rai cikin kwana ɗaya. Ki karanta wa Yaya wannan amsar, in ya so ya raka ku ya yi wa likitan tambayoyinsa da bakinsa.

TAMBAYA: Salam Likita. Ni magidanci ne a Injamena. Maiɗakina ita ma kansar gidan ƙwai ce, anyi mata aiki da shimiyo shekara 2 da suka wuce ta samu sauƙi, yanzu ance abin ya dawo. Wani abokina yace akwai sabuwar allura a ƙasashen waje mai tada sojojin jiki su cinye kansa ba sai an sha wahalar shimiyo ba. Ina da fili a Kusiri, in saida mu tafi?

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah Ya saka maka da wannan tsayuwar, ba kowane namiji ke yi ba. Abokinka bai yi ƙarya ba, allurar akwai ta, iminoterafi ake cewa, kuma ita ce ke cire birkin nan PD-1 da na ambata a sama. Waɗanda suka buɗe wannan hanyar, James Allison na Amurka da Tasuku Honjo na Japan, sun samu Nobel a 2018, kuma a wata kansar fata da wasu na huhu ta canza labari kwata-kwata.

Sai dai a kansar gidan ƙwai abin bai yi armashi haka ba, gaskiyar kenan. Da aka gwada ɗaya daga cikin alluran, pembrolizumab, ita kaɗai a matan da cutar ta dawo musu, wajen kashi 8 cikin ɗari ne ƙarinsu ya ja baya, manyan gwaje-gwajen da aka haɗa irin waɗannan allurai da shimiyo tun a karon farko ma da yawansu basu kawo abinda aka sa rai ba. Dalilin na cikin amsar da na ba 'yar uwarmu ta Garwa, sakin birki na amfani ne in dogarin na cikin gidan kuma birkin ne kaɗai ya riƙe shi, anan kuwa ga dattawa ga makrofaj ga ruwan ciki duk sun danne shi, ka cire ɗaya saura uku. Sannan wannan kansar bata da yawan alamomin da ke sa a gane ta a matsayin baƙuwa kamar ta fata. Allurar kuma ba ruwan sanyi bace, in ka sake wa dogarai mara suna iya juyowa kan hanji ko huhu ko hanta.

Akwai 'yan tsiraru da take yi wa aiki sosai, waɗanda ƙarinsu ke da wata tawaya ta gyaran ƙwayar gado da ake gane ta da gwajin MSI. Dan haka kafin kayi maganar fili ka nemi amsar abu uku. Wane nau'i ne takamaimai a takardar naman da aka cire. Wata nawa ne tsakanin shimiyo na ƙarshe da dawowar cutar, dan in ya haura wata 6, nata kuma da alama ya haura nesa, akan sake komawa kan karboplatin kuma sau da yawa yana sake aiki, shi kuma baya buƙatar jirgin sama mai nisa. Na uku ko za'a iya gwajin BRCA, wato wani canji a ƙwayar gado dake ƙara haɗarin kansar nono da ta gidan ƙwai, dan masu wannan canjin a jini akwai ƙwayar sha irin olaparib, da aka fara amincewa da ita a 2014, da kan jinkirta dawowar cutar, tana da tsada ita ma amma aƙalla kasan abinda kake saya. Ana iya tura takardu da ɗan naman da aka adana a duba ba tare da an ɗaga mara lafiya ba. In bayan wannan likitan cutar kansa yace tafiyar na da amfani, toh filinka ne. Amma kar ka saida shi akan maganar majalisa.

TAMBAYA: Anti Likita ni ɗaliba ce a Marwa, an mana allurar rigakafin kansar mahaifa, shin ta kare ni daga wannan ɗin ma? Goggona da kakata duk ciwon kumburin ciki ne ya kashe su, ina jin tsoro.

AMSA: A'a 'yata, biyu ne daban. Allurar da aka shigar cikin rigakafin Kamaru a 2020 ta HPV ce, tana koya wa sojojin jiki gane ƙwayar cutar da ke jawo kansar bakin mahaifa, kin yi dace da kika samu. Ta gidan ƙwai ba ƙwayar cuta ke kawo ta ba shi yasa babu rigakafinta, gwajin bakin mahaifa ma baya ganinta.

Kumburin ciki kuma a ƙasarmu ba kansa kaɗai ke kawo shi ba, ciwon hanta na B da tarin fuka na ciki da tsargiya duk suna tara ruwa, har gwajin jinin CA-125 da ake yi dan neman alamar kansar gidan ƙwai na iya hawa saboda tarin fuka ko ƙarin mahaifa ko ma juna biyu, dan haka kar ki je ki yi shi da kanki ki hana kanki barci. Amma tunda goggo ce da kaka, ki zauna da manyan gidanku ki tambaya me asibiti ya ce a lokacin, shekarunsu nawa, kuma akwai wadda tayi kansar nono a dangin, dan BRCA ta wajen uba ma ana gadonta ba ta uwa kaɗai ba. In amsar ta nuna haka ki je wajen likitan mata da wannan bayanin a rubuce. Ki kuma faɗa wa mamanki da sauran goggonninki, duk wadda ta haura 50 taga ciki na kumbura baya sauka, ko saurin ƙoshi, ko ciwon mara, ko yawan fitsari, kusan kullum har sati 2 zuwa 3, ta je ayi mata ekografi kafin ta jiƙa kanwa.